Idan Takardar Hukumar Haraji Ta Iso: Faɗakarwa Ga Ma'aikatan Kwantiragi A Birtaniya

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau Birtaniya muka nufa, domin mu duba wata rigima da ta daɗe tana ci tsakanin hukumar tara haraji ta ƙasar, wadda ake kira HMRC, da dubban ma'aikatan kwantiragi. Mutane ne da aka ce musu ga halastacciyar hanya ta rage haraji, suka yarda suka bi. Bayan shekaru sai ga takarda daga hukuma, ana binsu kuɗin da wasunsu ba su taɓa riƙe irinsa a hannu ba.

Wani zai ce ina ruwan biri da gada? Ruwanmu kuwa babba ne. Yau akwai 'yan'uwanmu da yawa a Landan da Mancesta da sauran birane, nas-nas da likitoci da masu kula da tsofaffi da masu aikin kwamfuta, kuma wasunsu ta hannun kamfanonin dillancin ma'aikata suke samun aiki. Irin waɗannan ma'aikata su ne masu tallan dabarun kauce wa haraji suka fi farauta. Ranar da bashin haraji ya danne ɗaya daga cikinsu, har gidan da yake aika wa kuɗin cefane a Kano ko Zariya sai ya ji a jikinsa. Don haka ko kana can, ko kana da naka a can, ka ba mu aron kunnenka.

Bari mu fara da yadda dabarar take. A Birtaniya, ma'aikaci mai albashi ba ya ganin kuɗin harajinsa. Wanda ya ɗauke shi aiki ne yake cirewa tun kafin albashi ya shiga asusu, tare da kuɗin inshorar ƙasa, ya miƙa wa hukuma. Tsarin ke nan da ake kira PAYE. A Ingila, fam 12,570 na farko a shekara babu haraji a kansu. Abin da ya haura haka ana cire kashi 20 cikin ɗari, wanda ya wuce fam 50,270 kashi 40, sannan akwai matakin ƙoli na kashi 45.

A shekarar 2000 aka fara aiki da wata doka da aka fi sani da IR35, wadda ta ce mutumin da yake aiki tamkar ma'aikaci, amma ya fake da ɗan kamfaninsa don ya rage haraji, to zai biya kamar kowane ma'aikaci. Dokar ta tsorata 'yan kwantiragi, ga ta kuma da wuyar fahimta. Nan masu dabara suka samu kasuwa. Sai su ce maka, ka zo ka zama ma'aikacinmu, mu za mu karɓi kuɗinka daga inda kake aiki, mu raba ka da ciwon kan takardu, kuma ka tafi gida da kashi 80 ko ma 90 cikin ɗari na abin da ka samu.

Ta yaya? Sai su biya ka ɗan ƙaramin albashi, a cire masa ɗan haraji. Ragowar kuɗin, wanda shi ne mai tsoka, sai a tura shi wani asusun amana, galibi a wajen ƙasar, a wurare irin su Tsibirin Man. Daga can sai a turo maka shi da sunan bashi. Hujjarsu ita ce ba a biyan haraji a kan bashi. Amma bashi ne da babu ranar biya, babu mai zuwa tambaya, kuma kowa ya san ladan guminka ne aka sauya wa suna. Su kuma masu dabarar suna yankar nasu kason tun daga sama, duk wata.

Akwai wata yaudara da ta kama mutane da yawa. Tun 2004 doka ta wajabta wa masu irin waɗannan dabaru su sanar da hukuma, ita kuma ta ba dabarar lamba. Sai masu talla su riƙa nuna lambar suna cewa, ka gani, hukuma ta san da mu. Lambar nan ba shaidar amincewa ba ce, alama ce ta cewa hukuma ta sa ido. HMRC ba ta taɓa sa wa wata dabarar kauce wa haraji albarka ba. Duk wanda ya ce maka hukuma ta amince da tasa, ka ɗauki jakarka ka bar wurin.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, yanzu kuma ga yadda gwamnati ta mayar da martani. Ranar 9 ga Disamba 2010 ta sanar da sabuwar doka da ta toshe wannan hanya ta biyan albashi da sunan bashi. Masu dabara ba su daina ba, sai suka sauya salo. A 2014 aka ba hukuma ikon ta ce a biya harajin da ake taƙaddama a kansa tun kafin a gama shari'a. A watan Yulin 2017 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar tsohon kamfanin kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Rangers da ke Gilasgo, wanda ya riƙa biyan 'yan wasa da manyan ma'aikata ta irin wannan asusu. Kotu ta ce kuɗin nan ladan aiki ne, kuma akwai haraji a kansu.

Babbar guduma ita ce dokar da aka sanar a kasafin kuɗin 2016, ta zama doka a 2017, wadda ake kira Loan Charge. Ta ce duk irin wannan bashi da aka karɓa tun daga Afrilun 1999, in har ba a mayar da shi ba zuwa 5 ga Afrilu 2019, za a tattara shi duka a lissafa shi tamkar kuɗin da mutum ya samu a shekara guda. Ka lura da nauyin wannan. A ce mutum ya karɓi fam 30,000 duk shekara har shekara biyar. Maimakon a bi kowace shekara da nata lissafin, sai a ɗora fam 150,000 a kan abin da ya samu a shekara ɗaya, mafi yawan kuɗin ya faɗa matakin haraji na sama. Gwamnati ta ƙiyasta cewa mutum kusan 50,000 dokar ta shafa.

Ƙasa ta ɗauki zafi. Wani kwamitin Majalisar Dattawan Birtaniya ya soki dokar a ƙarshen 2018, musamman yadda ta koma baya har shekara ashirin. Aka naɗa Sir Amyas Morse ya sake dubawa, ya miƙa rahotonsa a Disambar 2019. Daga nan aka cire duk bashin da aka karɓa kafin 9 ga Disamba 2010 daga cikin dokar, aka kuma ba mutane damar raba lissafin a kan shekara uku. Duk da haka kuka bai ƙare ba. Ita kanta hukumar ta tabbatar cewa akwai waɗanda suka kashe kansu a cikin waɗanda wannan bashi ya shafa. A Janairun 2025 gwamnati ta sake naɗa wani masanin haraji, Ray McCann, ya duba yadda za a kawo ƙarshen lamarin, kuma a Nuwamban shekarar ta sanar da sabuwar hanyar sulhu mai sassauci.

A nan akwai abin da ya kamata mu faɗa ba ɓoye-ɓoye. Masu ƙorafi suna da gaskiya idan suka ce waɗanda suka ƙirƙiro dabarun nan, suka tallata su, suka kwashi riba, mafi yawansu sun sha. Wasu sun rufe kamfani sun buɗe wani da sabon suna. Da yawa daga ma'aikatan kuwa akantoci ne ko dillalan aiki suka tura su, wasu ma an ce musu in ba ta wannan kamfani ba, babu aiki. Amma duk da wannan gaskiya, ƙarar da aka kai kotu don a rushe dokar ba ta yi nasara ba, kuma a 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince cewa hukuma tana iya barin kamfanin da ya kamata ya cire harajin, ta bi ma'aikacin kai tsaye. Wato mai dabara ya ci ya goge baki, sunanka ne a kan takarda. Shi ya sa zaman jiran a yi adalci bai isa ba, sai mutum ya tashi ya kare kansa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, ga takarda ta iso. Me za a yi?

Abu na farko, ka buɗe ta ranar da ta zo. Mutane da yawa da suka shiga uku a wannan harka, shiru ne ya ƙarasa su. Tsoro ya sa sun tura ambulan ƙarƙashin katifa, kwanaki suka wuce, damar ɗaukaka ƙara ta kuɓuce, kuɗin ruwa yana ta hauhawa. Idan kana shakkar ko takardar ta gaskiya ce, domin akwai 'yan damfara masu shigar burtu da sunan hukuma, ka nemi lambar wayar HMRC a shafin gwamnati na GOV.UK ka kira da kanka. Kada ka danna wani adireshi da aka turo maka ta saƙon waya.

Na biyu, ka gane wace irin takarda ce, domin ba duka suke ɗaya ba, kuma kowace da nata wa'adin. Akwai wadda take sanar da kai cewa an buɗe bincike a kan bayanan harajin da ka cike. Wannan tambaya ce, ba hukunci ba, sai dai tana buƙatar amsa. Akwai wadda take cewa hukuma ta ƙiyasta ana binka kaza. Irin wannan, kwana 30 gare ka daga ranar da ke kan takardar ka rubuta cewa ba ka yarda ba. Ka lura, daga ranar da ke kan takardar, ba ranar da ka karanta ba. Akwai kuma wadda ake kira APN, mai cewa ka biya tukuna a ci gaba da jayayya. Ita kwana 90 take bayarwa. Ba a ɗaukaka ƙara a kanta zuwa kotun haraji, amma a cikin kwanakin nan kana iya rubuta wa hukuma cewa adadin ba daidai ba ne, ko ba a cika sharuɗɗan aiko ta ba. Wanda ya bar wa'adin ya wuce bai biya ba, tarar kashi 5 cikin ɗari za ta fara hawa kansa, wasu kuma su biyo baya.

Na uku, ka tattara takardunka. Yarjejeniyar da ka sa wa hannu, takardun albashi, bayanan banki, saƙonnin imel, har takardun tallan da aka ba ka da duk wata shawara da akanta ya rubuto. Amfaninsu biyu ne. Na ɗaya, lissafin hukuma wani lokaci ƙiyasi ne, bayanan bankinka su ne za su nuna ainihin abin da ya shigo hannunka. Na biyu, doka ta ɗaure hukuma da wa'adi. A ƙa'ida, shekara huɗu take da su bayan ƙarewar shekarar haraji ta dawo ta ce ba a biya daidai ba. Idan akwai sakaci, shekara shida. Idan da gangan aka ɓoye, shekara ashirin. Ka ga ke nan takardar da za ta nuna ka bayyana komai tun farko, ko ka yi aiki da shawarar ƙwararre, tana iya sauya lissafin shekarun da za a bi ka da kuma tarar da za a ci ka.

Na huɗu, kuma a nan mutane suka fi yin tuntuɓe, ka nemi mai ba da shawara wanda ba shi da hannu a cikin dabarar. Kada ka koma wurin wanda ya sayar maka da ita. Zai ce maka kada ka damu, lauyoyinmu suna kai, kada ka amsa. Kansa yake karewa. Wasu ma sun dawo sun sayar wa mutanen nan da sabuwar dabara wai ta goge tsohon bashin, suka sake karɓar kuɗi, hukuma kuma ta fito ta ce ba ta aiki. Ka nemi akanta ko masanin haraji mai rajista da ƙungiyar ƙwararru, ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa riƙe irin wannan matsala, kuma nawa zai caje ka. Idan samunka kaɗan ne, akwai ƙungiyar agaji mai suna TaxAid da take ba da shawara kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi.

Na biyar, ka zaɓi hanya da idonka a buɗe: jayayya ko sulhu. Idan ka zaɓi jayayya, bayan ka rubuta rashin amincewarka kana da damar neman wani jami'in hukumar, wanda ba shi ya yanke hukuncin farko ba, ya sake dubawa. Wannan yakan ɗauki kwana 45. In ba ka gamsu ba, kana da kwana 30 ka kai ƙara kotun haraji ta matakin farko, wadda ba ta ƙarƙashin HMRC, kuma ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Sai dai ka sani, kuɗin ruwa ba ya tsayawa don ana shari'a, kuma a kan tushen maganar, wato ko bashin nan albashi ne, hukuma ce ta fi yin nasara a kotuna. Inda mutane suka fi samun sa'ida shi ne a kan adadin kuɗi, da wa'adi, da tara.

Idan kuma sulhu ka zaɓa, za ka miƙa cikakken bayani, a yi lissafi, ku sa hannu a yarjejeniya. Kada ka sa hannu sai masaninka ya karanta, ya tabbatar wace shekara da wace shekara ta ƙunsa, domin da zarar an sa hannu magana ta ƙare. Wanda dokar Loan Charge ta shafa kuma bai kammala da hukuma ba, ya tambayi masaninsa ko sabon sassaucin da aka sanar a 2025 ya shafe shi.

Na shida, in ba ka da kuɗin biya gaba ɗaya, ka faɗa. Hukuma tana da tsarin biya kaɗan-kaɗan. Za ta duba abin da kake samu da abin da kake kashewa, a yanka maka na wata-wata, wani lokaci har tsawon shekaru. Ta kuma faɗa a fili cewa ba za ta tilasta wa kowa sayar da gidan da yake zaune a ciki don biyan wannan bashi ba. Ka faɗi gaskiyar halin da kake ciki, kada ka yi alkawarin abin da ba za ka iya cikawa ba, domin karya alkawarin biya ya fi neman sassauci tun farko muni. Kada kuma ka ruga ka ci bashi mai tsadar ruwa don ka toshe wannan. Idan jami'ai sun wulaƙanta ka ko sun yi ta jan ƙafa, akwai hanyar ƙorafi a cikin hukumar, daga nan zuwa ofishin mai shiga tsakani, kuma ɗan majalisar mazaɓarka yana iya sa baki.

Akwai wata tambaya da takan zo a zuciyar baƙo: in na tattara na koma gida fa? Komawa gida ba ta goge bashi. Yana nan a rubuce da sunanka, ruwa yana taruwa, ga duk abin da ka bari a can, ko asusu ko gida. Wata matsalar kuma ita ce, wasu sun samu takarda daga wani kamfani da ba su taɓa jin sunansa ba, yana cewa ya sayi tsohon bashin nan, a biya shi. Idan irin wannan ta zo maka, kada ka biya, kada ka sa hannu a komai, kada kuma ka yi watsi da ita. Ka kai wa lauya.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, kada wani ya ɗauka wannan tsohon labari ne. Har gobe ana tallan dabarun nan, sai dai an sauya musu riga. Yanzu sun fi ɓuya a cikin kamfanonin da ake kira umbrella, waɗanda suke tsayawa tsakanin ma'aikaci da dillalin aiki su biya albashi. Da yawansu na ƙwarai ne, suna cire haraji yadda ya kamata. Na banzan kuwa, maimakon bashi sai su kira kuɗin da wani suna, ko kyauta, ko kason riba, ko kuɗin da aka ba ka kafin lokaci. A 2020, lokacin annobar korona, sai da HMRC ta yi gargaɗi cewa ana farautar ma'aikatan lafiya da suka dawo bakin aiki don taimaka wa asibitoci.

Ga alamomin da za ka duba. Idan kuɗin da ya shiga asusunka ya fi abin da ke rubuce a takardar albashinka, akwai matsala. Idan ana biyan ka kashi biyu, ɗaya da haraji ɗaya babu, akwai matsala. Idan an ba ka takarda fiye da ɗaya ka sa hannu, ɗaya ta aiki ɗaya ta bashi ko wata yarjejeniya da ba ka gane ba, ka tsaya. Idan wani kamfani ya yi maka alkawarin kuɗi fiye da na sauran nesa ba kusa ba, ka tambayi kanka daga ina, tunda harajin kowa doka ɗaya ce ta yanka shi. Araha dai ba ta ado. Ka buɗe asusun harajinka na intanet a shafin gwamnati, ka gwada abin da aka gaya wa hukuma kana samu da abin da yake shigo maka. HMRC tana kuma wallafa sunayen dabaru da kamfanonin da ta gano, ka duba, amma rashin ganin suna a jerin ba shaidar tsarki ba ne. In ka gano kana ciki, ka fita nan take, ka sanar da hukuma da kanka. Wanda ya kai kansa ya fi wanda aka kamo samun rangwame.

Magana ta ƙarshe ta iyali ce. Wannan bashi yakan zo da kunya. Mutumin da ake ganin ya tafi Turai ya samu, da wane baki zai ce ana binsa dubban fam? Sai ya haɗiye, ya daina barci, ya ci gaba da aiko da kuɗi gida yana murmushi a waya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ka gaya wa matarka, ki gaya wa mijinki, ka samu amini ko malami ka sauke nauyin da ke ƙirjinka. In abin ya kai ga mugun tunani, ka ga likita, ko ka kira Samaritans a 116 123, kyauta ne, dare da rana. Ku kuma iyaye da 'yan'uwa da ke gida, idan naku ya ce a yi haƙuri wannan watan, ku yi masa uzuri, ku tambaye shi lafiya kafin ku tambaye shi saƙo.

Abin da muka kawo muku faɗakarwa ce, ba ta maye gurbin zama da masanin da zai duba takardunka ɗaya bayan ɗaya ba. Idan akwai ambulan ɗin hukuma da ka ajiye ba ka buɗe ba, ka buɗe shi yau, ka duba kwanan watan da ke kai, ka ƙirga kwanakin da suka rage maka, gobe da safe ka nemi masani. Idan kuma kana da ɗan'uwa mai aikin kwantiragi a Birtaniya, ka isar masa da wannan saƙo.

A nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Allah Ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, Ya sa albarka a cikin abin da muke nema. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)